Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Lahadi, 22 ga Yuni, bayan la'asar

An ba mu hutu, amma Ustaza Zuhura ba ta san ma'anar hutu ba. Ita ce za ta koya mana falsafa a shekararmu ta ƙarshe a lise, babbar sakandare, kuma tun ba mu shiga ajinta ba ta tare mu a bakin ƙofa ta danƙa wa kowa tulin takardu mai kaurin bulo. Duk a kan laifi da hukunci ne: me ya sa ake ɗaure mutum, wa ya isa ya ba da shaida, yaushe ake cewa magana ta tabbata. Ta ce mu sayi biro uku. Da ja mu ja layi a ƙarƙashin abin da marubuci yake so mu yarda da shi, da shuɗi a ƙarƙashin hujjarsa, da kore kuma mu rubuta a gefe abin da bai faɗa ba amma ya ɗauka kowa ya yarda da shi. Wai koren nan shi ne aikin, sauran wasan yara ne.

Da na kawo tulin gida Yaya Tijani ya auna shi a tafin hannu, ya ce in ba shi aro ya kai shantiye, wurin ginin da yake aiki, ko da bulo zai ƙare musu. Na ce kansa ya fi bulo tauri, da shi za su fara. Inna tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Khalida, ce wa wancan ya bar surutu ya miƙo mini buhu." Yana tsaye a gabanta fa.

Haka gidanmu yake. Yaya ɗan fari ne, don haka tun da aka haife shi a Damagaram Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta yabonsa, ba ta haɗa ido da shi a gaban mutane. Shi ne "wancan", shi ne "yayanku", in ya faranta mata rai ya zama "mutumin nan". Baba ma haka yake yi, sai dai shi yana da shago a kasuwa da zai ɓuya a ciki. Ni kuwa auta, sunana ya kusa ƙarewa don kira.

Talata, 24 ga Yuni, da hantsi

Na fara karatun. Marubucin farko yana ganin in an tsananta hukunci mutane za su ji tsoro su bar laifi. Da kore na rubuta masa: ka ɗauka kowa yana tunani kafin ya yi abu. Bai san 'yan ajinmu ba.

Gobe Inna za ta hau dutse, ƙauyen Tazruk, sayo busasshen ɓaure da cuku don teburinta na kasuwa. Yaya zai raka ta. Ni an bar ni da Baba da tukunya.

Juma'a, 27 ga Yuni, bayan magariba

Sun dawo, ƙura har gira. Yaya ya ce shi ko hutu aka kai shi sai bango ya neme shi. Katangar lambun da suka sauka ce ta zube, tsohon mai lambun yana ta kallonta yana girgiza kai, shi ne ya wuni jiya Alhamis yana ɗora masa ita, shi da Issa, mutumin Agadas da ke yi wa tsohon ban ruwa. An sallame shi da kwandon inabi. Inna ta ce, ba da kowa take ba, "Katangar dai ta miƙe." A bakinta wannan kirari ne.

Asabar, 28 ga Yuni, da azahar

Jandarma sun zo Yaya yana cin abinci, sun tafi da shi. Bai wanke hannu ba.

Lahadi, 29 ga Yuni, da safe

Ba yau ba.

Litinin, 30 ga Yuni, bayan la'asar

Ga abin da na sani, kuma sau ɗaya zan rubuta. Ranar Alhamis an shiga shantiye, an ji wa mai gadi ciwo, yana asibiti bai san wanda ke kansa ba. An kwashe kaya. Wani ya ce wanda ya yi ya san inda ake ajiye makulli, Yaya kuwa ya sani. Yanzu yana can.

Amma ranar Alhamis yana Tazruk da laka har gwiwar hannu. Don haka ba komai. Gobe an kira Inna buron jandarma, wato ofishinsu, za ta faɗa musu, su dawo tare. Na so in raka ta, Baba ya ce ba wurin 'ya mace ba ne, kuma suna da tafinta. Na wanke kwanonsa na kife. Ba komai.

Talata, 1 ga Yuli, da azahar

Ta dawo ita kaɗai. Na ce, "Inna, me suka ce?" Ta ce, "An tambaye ni, na amsa." Ta shiga ɗaki ta saki labule.

Alhamis, 3 ga Yuli, da yamma

Hadari ya taso daga kan duwatsu, ya yi ta rugugi, bai zubo ba.

Iyatu maƙwabciyarmu ta shigo jaje, gara ma ba ta zo ba. Ta zauna ta tsara mana yadda abin yake tafiya: a yi wa mutum shekaru a can, in ya gama a loda shi a kamyo, babbar mota, a sauke shi a bakin iyaka, ya taka da ƙafa har Asamaka, garin farko a ƙasar da muka baro. Tana faɗa tana cin inabinsa. Yaya yana ƙaramin yaro aka kawo shi garin nan, Tam. A nan ya koyi gini, rabin katangun layinmu hannunsa ne. Wa ya sani a Asamaka?

Na ji tsoro yau, tsoro na gaske. Na ɗauko takardun Ustaza don in daina jin muryar Iyatu. Na faɗa kan wani da yake cewa shari'a ba ta jin abin da ke cikin zuciya, sai abin da ya fito daga baki. Na ja masa jan layi, na rasa abin da zan rubuta da kore.

Lahadi, 6 ga Yuli, bayan azahar

Baba ya ɗauki lauya. Larabcin Baba na ciniki ne, ya iya "nawa" da "rage mini", don haka yau wurin ya zama wurin 'ya mace, ya tafi da ni in yi masa tafinta.

Lauyan siriri ne, fankarsa tana kuka kamar tsohuwar akuya. Ya dube ni ya ce, "Ya binti, 'yata, gaya wa babanki matsalar ba makulli ba ce. Matsalar uwar ce."

Na ce ban gane ba.

Ya ce, "Yaron ya ce ranar Alhamis yana tare da uwarsa. Aka kawo matar, aka nuna mata shi, aka ce wannan ɗanki ne? Ta kau da kai ta ce ɗan kakarsa ne. Aka ce ya sunansa? Ta yi shiru. Aka ce ya halinsa? Ta ce ita ba ta sani ba, Allah ya shirye shi. Shi kuma yana zaune kansa a ƙasa, bai musa mata ko kalma ɗaya ba. To wa zai tsaya tambayarta zancen Alhamis? Sun ɗauka ya nemi mafaka a wurin matar da ta riga ta yafe shi."

Na juya na fassara wa Baba. Baba ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya ce, "To, ai daidai ta faɗa."

Na rasa ko in yi kuka ko in yi dariya. Lauyan ya ce me ya ce, na ce ya ce mun gode.

Litinin, 7 ga Yuli, da hantsi

Na zauna da birona uku na yi wa jandarma abin da nake yi wa marubutan Ustaza. Ja: yaron nan ƙarya yake yi. Shuɗi: uwarsa ta ƙi shi a gabanmu. Kore: duk uwar da ke son ɗanta za ta faɗi sunansa.

Ga shi nan! A gidan ƙawayena na lekkol, makarantarmu, koren nan gaskiya ne, uwa tana ƙwala wa babban ɗanta kira tun daga bakin titi, ta sumbace shi a gaban kowa. A gidanmu ba gaskiya ba ne. Ba wanda ya yi ƙarya, ba wanda ya yi mugunta, tafintan ma abin da ya ji ya faɗa. Na koma wurin lauya da gudu, ko mayafi ban gyara ba.

Ya saurare ni har ya manta da shayinsa. Ya ce, "Hujja ce mai kyau, zan yi amfani da ita. Amma alƙalin bincike ba zai aika mutane har Tazruk don an ba shi labarin al'ada ba. Uwar ta zo ta faɗa da bakinta: ɗana ne, ga sunansa, ga inda muke. Daga nan ƙofa ta buɗe, a je a tambayi mai lambun." Na ce Issa fa, shi da suka yi aikin tare? Ya ce yana da takardun zama? Ba shi da su, don haka muka bar zancen Issa. Ya ce zai nema wa Inna rana ta biyu.

Ba komai. Magana uku ce kacal.

Talata, 8 ga Yuli, da la'asar

Na same ta a madafi na jera mata komai, tiryan-tiryan, yadda Ustaza za ta ba ni maki cikakke. Na ce na farko, na ce na biyu, na ce saboda haka.

Ta bari na gama, sannan ta ce, "Lekkol kika kawo mini madafi?"

Na ce, "Inna, sunansa kawai za ki faɗa."

Ta ce, "A gaban maza baƙi in buɗe baki in ce na haifa, ga sunansa, ga kyan halinsa? Ke ba ki da ta ido, ni ina da ita. Allah ya san inda yake ranar Alhamis."

Na ce Allah ya sani, amma ba Allah ne zai sa hannu a takardar ba. Ta ce in yi istigfari, kuma ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Sai na faɗi wata magana. Ba zan rubuta ta ba. Ta ci gaba da tuƙa tuwo kamar ba ta ji ba, amma muciyar ta tsaya sau ɗaya.

Haushinta nake ji. Na rubuta, kuma ba zan goge ba.

Laraba, 9 ga Yuli, da safe

Ni da Inna ba ma magana.

Alhamis, 10 ga Yuli, da azahar

Baba ya kai abinci can. Ya dawo ya ce mutumin ya rame amma yana gaishe da kowa, kuma wai a tambaye ni ko na gama cinye bulon.

Na lura da wani abu. Duk ranar kai abinci dambun zogale Inna take yi, da man gyaɗa da yawa, yadda mutum ɗaya tak yake so a gidan nan. Zogale kuwa ba arha ba ne a Tam, sai an jira motar Agadas. Tana ɗaure kwanon ta tura wa Baba ta ce, "A kai wa masu buƙata."

Asabar, 12 ga Yuli, bayan la'asar

Na tsare wa Inna tebur a kasuwa, sai ga Ustaza Zuhura tana taya ɓaure. Ta ce ya karatu. Na ce koren bironta yana aiki a kan marubuta da jandarma, amma ba ya kama uwaye. Ban yi niyyar ba ta labari ba, bakina ne ya kufce.

Ta saurara tana juya ɓaure ɗaya a hannu. Ta ce, "Kin gano abin da jandarma suka ɗauka ba su faɗa ba. Saha, madalla. Na mamarki fa?"

Na ce kunya ce kawai.

Ta ce, "Ita ta gaya miki, ko ke kika rubuta mata? Tambayarta kika yi, ko darasi kika ba ta?"

Na auna mata ɓaure na cika mata har ya zuba, don kada ta ga fuskata.

Lahadi, 13 ga Yuli, da hantsi

Na tsefe kaina na je na zauna a gaban Inna. Ta daɗe tana kallon ƙeyata, sannan ta ɗauko tsinke. Kitso yana da daɗin magana, ba mai ganin idon wani.

Na ce, "Inna, ke ma ɗiyar fari ce ko?"

Ta ce, "Uhm."

Na ce, "Kaka ta taɓa kiran sunanki?"

Ta yi layi guda cur kafin ta amsa. Ta ce, "Har ta koma ga Allah ban ji Mariyamu a bakinta ba. Ranar da za mu taho ƙasar nan duk dangi suka fito rakiya, ita ta tsaya bayan rumbu wai tana neman kaza. Sai da muka kai Agadas na kwance kayana na ga ta cusa mini zanenta na aure a ƙasa." Ta ja wani layin. "Ban taɓa tambayar kaina ko tana so na ba. Abin da kake ji da shi ba ka yawo da shi a baki, Khalida. Baki yana cinye abu. Ni tun yana cikin zane nake ɓoyonsa, kada ido ya gan shi, kada kunne ya ji shi. Ga shi ya girma lafiya."

Ashe ba kanta take karewa ba. Shi take karewa, da shirun nan da ya tsare shi a can. Na ji kunyar maganar da na faɗa mata ranar Talata.

Na ce, "Yaya ya sani, Inna. Shi ya sa bai musa miki ba. Ni ma na sani. Alƙalin ne ba a Damagaram aka haife shi ba. Shi in kin ɓoye, gani yake babu."

Ta ja gashina har sai da hawaye ya fito mini. Kitson dai ya yi kyau.

Talata, 15 ga Yuli, da safe

Lauya ya aiko, gobe ne. Baba yana sa takalmi a bakin ƙofa ya ce wa bango, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Bangon bai amsa ba, Inna ma haka.

Laraba, 16 ga Yuli, bayan azahar

Ta ce ba za ta shiga ba sai da ni. Alƙalin ya yarda, da sharaɗin kada in buɗe baki. Ban taɓa yin aiki mai wuyar wannan ba.

Ɗakin ƙarami ne. Alƙalin yana da furfura a gemu da tabarau a kan hanci, tafinta yana gefensa. Aka shigo da Yaya. Baba bai faɗi rabin ramar ba. Ya zauna ya sunkuyar da kai, Inna ta juya fuska ga taga, kamar kullum.

Lauya ya yi bayanin ɗan fari, da kalmomina, har da misalin da na ba shi. Alƙalin ya saurara, ya ce, "Na ji. Amma daga gare ta nake son ji." Ya dubi Inna. "Hajiya, kin san wannan saurayi?"

Tafinta ya fassara mata. Ina jin fanka, ina jin wata mota tana baya-baya a waje. Inna ta kama bakin mayafinta tana murzawa. Alƙalin ya ɗauki biro, na ga zai rubuta, na cije leɓena har na ji gishiri.

Sai ta juyo. Ba alƙalin ta kalla ba, Yaya ta kalla, ido cikin ido.

Ta ce, "Tijani ne."

Muryar ta fito a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ta sake cewa, da ƙarfi, "Sunansa Tijani. Ni na haife shi, shi ne na fari. Ranar Alhamis yana gabana a Tazruk tun fitowar rana har faɗuwarta, yana gina katangar mutane, ni na kai masa ruwa. Bai taɓa ɗaukar allurar wani ba. Duk cikin 'ya'yan da na gani a duniya ban ga mai hankalinsa ba."

Tafintan ya tsaya yana kallonta, sai da alƙalin ya taɓa tebur ya tuna aikinsa. Yaya bai ɗago ba, amma na ga gaban rigarsa yana jiƙewa.

Alƙalin ya yi ta rubutu. Ya tambayi sunan mai lambun da inda lambun yake, ya ce za a aika. A hanya Inna ta ja mayafi ta rufe fuska har gida, ta ce in na ba Iyatu labari sai ta yanke mini harshe.

Lahadi, 20 ga Yuli, da yamma

Ruwan da ya ƙi zuba ya zuba, kwari ya cika ya yanke hanyar Tazruk. Sai an jira. Ba komai, wannan karon da gaske nake.

Talata, 22 ga Yuli, da hantsi

Na kusa gama tulin. Na koma wurin mai cewa shari'a ba ta jin zuciya sai baki. Yanzu na sami abin rubuta masa da kore: ka ɗauka duk bakuna iri ɗaya suke buɗewa.

Alhamis, 24 ga Yuli, da la'asar

Lauya ya kira Baba. An isa Tazruk. Tsohon ya kai su har gindin katangar ya ce su taɓa, kuma ya tara musu rabin garin su yi shaida. Ba wanda ya tambayi Issa komai. An ce mai gadi ya farfaɗo, an ce an tare wani kamyo da kayan shantiye a garin In Amgel. Ban bi ba'asi ba, ba nawa ba ne.

Asabar, 26 ga Yuli, bayan magariba

Kaso. Yau na iya rubuta kalmar, tunda Yaya ya fito daga cikinta.

Da la'asar ya shigo da sallama, Baba yana bayansa yana ta gyaran murya ba dalili. Na rungume shi na ce yana wari, ya ce ni ma kitsona ya tsufa. Inna tana madafi. Ba ta fito ba, ba ta leƙo ba, sai ƙarar ludayi da ta ƙaru.

Ya je bakin ƙofar ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa wa tukunya. Can ta ɗauko kwanon nan da na kife, ta cika shi da dambu har ya yi tozo, ta ce, "Khalida, ce wa wancan ya wanke hannu, abinci zai huce."

Na buɗe baki zan isar da saƙo, ya riga ni.

Ya ce, "Na'am, Inna. Na ji kiran."

Ta juya mana baya tana neman murfin da ke hannunta.